Robobin Umma, Idon Baba

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman 'Yan Biyu da su 'yan biyun. Allah Ya ƙara muku kwanciyar hankali, Ya sa albarka a aikinka, Ya raya mana yaran nan a kan hanya ta gari. Mu ma nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma aiki, yana ta cika baki wai motsa jiki ne ya tashe shi, alhali na san wadda ta sha ɗawainiyar dafa ruwan zafi safe da yamma. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da sana'a sai barci da tambayar yaushe kawunta zai zo. Ƙanwarmu Auta tana nan gidan Baba tana fama da aikinta, ta ɗan rame, kuma in ka karanta abin da ke ƙasa za ka san dalili.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda daga wurina bayan kusan kullum muna waya. Dalilin shi ne kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Tun kana ƙarami haka kake, kafin a gama faɗa maka matsala ka riga ka ɗauko guduma. Ita kuwa takarda ba ka da yadda za ka katse ta. Maganar Baba ce, da hukuncin da ka yanke cewa a ɗauke shi daga gidansa a dawo da shi wurina a saman bene, Auta ma ta biyo shi, a rufe gidan, tunda an ce maka ya fara ruɗewa. Na ce maka to a ranar, don ni ma a lokacin abin da na ɗauka ke nan. Yanzu na janye wannan to ɗin. Baba bai ruɗe ba, hankalinsa ya fi nawa da naka zama wuri ɗaya. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali har ƙarshe.

Ka san halin Umma da roba, Allah Ya jiƙanta. A gidanmu abu ba ya ƙarewa ya tafi shara, sai dai ya canja aiki. Robar man shafawa ta koma gidan allura da maɓallai, ta bota ta koma ta gishiri. Jarkar man girki a yanke ta a karkace ta zama abin kwasar ƙasa, wuyan gorar ruwa ya zama mazurari, gindinta a cika shi da ƙasa a zuba iri. Ka tuna yadda take ɗora ƙusa a wuta ta huda murfin jarka, ƙaurin roba ya cika gida mu yi ta tari, ita kuwa ta fito da abin ban ruwa mai yayyafi tana murmushi kamar ta ƙera jirgi. Ka tuna gorunan da take hudawa ta binne a gindin tumatir, a cika su da safe su yi ta tsiyaya wa saiwa har yamma. Na tabbata kuma ba ka manta ranar da abokinka ya buɗe firij ya ɗauko robar askirim da murnarsa ya tarar da niƙaƙƙen barkono ba, don sati ka yi ba ka yi wa Umma magana mai daɗi ba. Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita. Duk robar da ta taɓa ɗaukar abin cutarwa, bilic ne, maganin ƙwari ne, kananzir ne, ba ta sake kusantar abinci har abada, kuma sai ta sa wuƙa mai zafi ta yi mata tsage-tsage a mariƙi. Takan ce ko wuta ta ɗauke, hannu zai gaya wa mutum kafin baki ya sani.

Baba kuwa ka san shi ne shugaban masu adawa. Shekara da shekaru yana mita wai an mai da masa gida juji, wai in ya yi sakaci wata rana shi ma Umma za ta huda shi ta shuka albasa. Shi ya sa duk muka yi mamaki da ta rasu ya hana a taɓa ko murfi ɗaya. Ya karɓi lambun bayan gida, shi da bai taɓa sanin bambancin tsiron barkono da ciyawa ba, ya riƙa ban ruwa da jarkokinta, yana haɗa shayinsa da kansa daga robobinta. Har ukun nan da ta rataye a ginshiƙan rumfar da ke bi daga ƙofar kicin zuwa lambu ya ce a bar su inda suke. Ta farko tawa ce, ƙaramar robar alewa da nake tara 'yan kunne a ciki ina yarinya, aka mai da ita gidan igiya. Ta tsakiya gorar ruwan makarantar Auta ce, wadda ta tauna bakinta har ya lanƙwashe. Ta ƙarshe taka ce, shuɗiyar jarkar nan da ka yanke ka huda mata ramukan taya ka yi motarka ta farko da ita, kana ja da zare kana ƙarar inji da baki. A cikinta Umma take ajiye wuƙar lambu, tana rataye a ginshiƙin ƙarshe, daidai inda siminti ya ƙare ake taka matakala a sauka ƙasa. Mu dai mun ɗauka kewar matarsa ce, muka ƙyale shi.

To sai ranar da kuka yi waya ta bidiyo ka hango kantar kicin a bayansa. Ka kira ni kana faɗa, wai mahaifinmu yana zaune cikin tarkace kamar ba shi da 'ya'ya. Ban musa maka ba, don ni ma robobin sun ishe ni, duk wanda ya shigo gidan sai na ji kunya. Ba a daɗe ba kwali ya iso, cike da fararen robobi masu kyau iri ɗaya, manya da ƙanana, da fararen jarkoki, da tukwanen shuka, kowace roba Maman 'Yan Biyu ta manna mata suna da kyakkyawan rubutun nan nata. Wallahi ni da Auta har tsalle muka yi. Muka jira ranar da abokin aikin Baba na da ya zo ya ɗauke shi suka tafi gaida wani mara lafiya, muka zage muka juye komai. Gishiri a mai sunan gishiri, sukari a mai sunan sukari, garin sabulu a tasa, ruwan taki a farar jarka, bilic a 'yar'uwarta. Tsofaffin muka cika buhuna da su, har ukun da ke rumfa, muka miƙa wa mai kura da ke bin layi yana tattara robobi. Da Baba ya dawo Auta ta ja hannunsa zuwa kicin tana murna. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya miƙa hannu ya shafa kantar kicin, sannan ya ce Allah Ya yi mana albarka gaba ɗaya. Ya shiga ɗaki, ranar bai ci abincin yamma ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda Auta ta ba ka labari tana kuka, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ya zuba gishiri a shayi ya shanye tas, sai da ta ɗanɗana ragowar kofin ta gane. Ya faɗi a matakalar lambu ya fasa goshi, ya ce santsi ne, alhali ƙasa a bushe take. Ya ɗebo garin sabulu a maimakon madara, Allah Ya sa ƙamshin ya tsai da shi. Na ƙarshen shi ne ya karya mana zuciya. Auta ta dawo daga aiki ta ji lambu yana warin bilic, ta tarar da na'a-na'ar Umma ta yi fari fat, da duk 'yan tsiron tumatir da ya yi wata yana lallaɓawa. Ta tambaye shi, ya ce bai san yadda aka yi ba. Mutumin da sunan kowane abu yake rubuce ɓaro-ɓaro a gabansa ya yi haka, me za ka ce? Abin da ka ce shi muka ce.

Bayan wayarmu da 'yan kwanaki na biya gidan da safe kafin in wuce makaranta, da niyyar in fara lallashinsa kan maganar tashi. Auta ta riga ta fita. Na buɗe ƙofa da makullina, na cire takalmi saboda an goge tsakar gida, na zo na tsaya a ƙofar kicin. Baba yana tsaye gaban kanta ya ba taga baya. Ya ɗauki farar roba ya jujjuya ta a hannu yana shafa gefenta da murfinta, ya ajiye, ya ɗauki ta kusa da ita ya yi mata haka, duk ɗaya suke. Sai ya kawo ta dab da fuskarsa har takardar sunan tana taɓa hancinsa, ya karkata kai yana neman rubutun da idon dama. Da abin ya gagara ya buɗe ya sansana, ya lakata da yatsa ya sa a harshe. Ina tsaye a gefensa, tazarar da ke tsakaninmu ba ta wuce in miƙa hannu in taɓa shi ba, ga hasken safiya, ga ni da jan mayafi. Ya juyo ya dubi inda nake, ya mai da kai ya ci gaba da lalube. Ɗan'uwana, ban san lokacin da makullan suka faɗi daga hannuna ba. Ƙararsu ce ta sa ya kira sunana, don ya san ƙarar makullaina.

A nan kicin ɗin muka zauna, shi a kan kujera ni a ƙasa, ranar ban je aiki ba. Ya ce abin ya fara tun Umma tana da rai. Ganinsa ne ya fara rufewa ta gefe-gefe, shi ya sa ya ajiye tuƙi ya ce mana gwiwa ce. Umma ce kaɗai ta gane, ranar da ya miƙa hannu ɗaukar kofi ya wuce shi. Ta matsa masa suka je asibiti sau ɗaya aka ba shi maganin ɗigawa, ita take ɗiga masa, da ta kwanta ciwo maganin ya ƙare bai koma ba. Ya roƙe ta kada ta gaya mana, ta yi masa alkawari, amma ba ta zauna haka nan ba. Ka tuna shekararta ta ƙarshe da muke cewa tarin robobinta ya ƙaru, har muna tsokanarta? Ashe gidan take shirya wa hannunsa. Ta zaɓi robobin ne yadda babu biyu masu kama da juna. Gishiri a mai kusurwa, sukari a mai zagaye da murfi mai kaushi, ganyen shayi a doguwa siririya, madara a mai tsukakken ƙugu. Ruwan taki a jarka mai sulɓin mariƙi, bilic a mai tsaga. Ukun rumfa kuwa alamar hanya ce, in ya taɓa tawa ya san ya fita daga kicin, in ya taɓa ta Auta ya san ya kai rabi, in ya taɓa taka ya san matakala ce a gabansa. Ya ce da ciwonta da komai takan zauna a kan kujerar nan ta sa shi ya rufe ido ta ce ya kawo mata sukari, in ya kawo gishiri ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe babban direba bai san hanyar kicin ɗinsa ba. Haka ta yi ta yi da shi har hannunsa ya haddace gidan. Sannan ta tafi.

Na tambaye shi me ya sa da muka kwashe bai yi magana ba. Ya ce ɗansa ya aiko da kyauta daga nesa, surukarsa ta zauna ta yi rubutu da hannunta, 'ya'yansa mata sun yini suna aiki, da wane baki zai ce a mayar. Kuma in ya faɗi dalili, ya san abin da zai biyo baya. Ya ce shi da ido ya ci abinci duk rayuwarsa, da ido ya ɗauki mutane ya kai su ya dawo da su lafiya, da shi ya ciyar da mu. Abin da yake tsoro ya fi makantar kanta shi ne a kai shi wani ɗaki a zaunar, a riƙa kawo masa abinci a faranti, in zai shiga banɗaki sai ya kira jika. Ya ce ya ji Auta tana waya da kai ranar bilic, ya ji kalmar da aka kira shi da ita. Ya yi ta auna wanne ya fi sauƙi, a ce ya ruɗe ko a ce ya makance, ya kasa zaɓa, sai ya yi shiru. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, kuma ban taɓa jin kewar Umma irin ta ranar ba.

Washegari ni da Baban yara muka kai shi wurin likitan ido. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana aiki. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, Baba da kansa ya ce kamar mai leƙe ta bakin gora yake gani, shi ma da hazo. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe sauran da magani, kuma ba ta yi mana alkawarin tsawon lokacin da zai riƙu ba. Na gaya mata maganar ruɗewa, ta yi masa tambayoyi iri-iri, ya amsa duka, har ya gyara mata hanyar da ta fi kusa daga asibitin zuwa unguwarsu. Da na kawo maganar ɗauke shi zuwa wurina, sai ta tambaye ni ko ya san gidan nawa da ƙafa kamar yadda ya san nasa. Ta ce mai irin wannan lalurar, in dai akwai mai kula da shi, barinsa inda jikinsa ya saba ya fi masa aminci da sabon wuri, balle mai hawa da sauka.

Daga asibiti ba mu koma gida ba. Baban yara ya yi cigiyar mai kurar nan, aka nuna mana filin da suke kai robobi a bayan kasuwa. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Robobi ne tsibi-tsibi sun fi tsayin mutum, an ware su kala-kala, ga inji a ƙarƙashin rumfar kwano yana niƙa su da ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai. Mai wurin ya ɗauka wani abu mai daraja muka manta a ciki. Da Baban yara ya yi masa bayani sai ya kashe injin, ya kifa wa Baba bokiti ya zauna, ya nuna mana inda kayan layinmu suke. Ka yi tunanin yayarka da kayan zuwa asibiti tana tonon shara har gwiwa. Ni ba na ma iya bambancewa, don robar bota duk robar bota ce a idona. Sai muka riƙa miƙa wa Baba ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓa ya shafa, ya ce wannan ba tamu ba ce, ya ajiye gefe. Ya karɓi wata ya ce wannan ta gishiri ce, ga inda cokali mai zafi ya taɓa ta. Wata ya ce ta irin kuɓewa ce, murfinta na wata robar ne daban. Har ma'aikatan wurin suka bar abin da suke yi suka shigo tonon, babu mai dariya.

Mun samo fiye da rabi. An samu tawa, an samu ta Auta da taunannen bakinta. Taka muka nema har rana ta yi sanyi. Daga ƙarshe mai wurin ya tambayi kalarta, da muka ce shuɗiya sai ya sunkuyar da kai, ya ce shuɗɗan aka fara niƙawa a satin. Ya nuna mana buhunan. Baba ya ce a kai shi. Ya tura hannu cikin ɓarɓashin ya damƙo, ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya buɗe hannu ya zube. Ya yi wa mutumin godiya, ya ce mu tafi gida.

Yanzu mun wanke su mun mai da kowace mazauninta, shi yake faɗa muna ajiyewa. Waɗanda ba a samu ba mun cike gurbinsu da fararen da kuka aiko, Baba yana zaune Auta tana ɗora ƙusa a wuta yana gaya mata irin alamar da za ta yi wa kowane murfi. Sauran ni da ita muka raba, kicin ɗina ya yi kyau ƙwarai, ka gaya wa Maman 'Yan Biyu kada ta sa komai a ranta, alheri ta yi kuma ya karɓu. Bilic da maganin ƙwari sun bar hanyarsa gaba ɗaya, suna sito a kulle. Mai waldan layinmu zai kafa ƙarfen dafawa a gefen matakala. Auta tana ɗiga masa magani da safe, ni ina biyawa da yamma in ɗiga masa. Tun da robobin suka dawo bai sake kuskuren ko cokali ɗaya ba. Ya kwashe ƙasar da bilic ya ɓata da abin kwasar Umma, ya sake zuba irin tumatir a gindin goruna, har sun fara leƙowa, yana bin su da ɗan yatsa yana ƙirgawa. Na'a-na'ar dai ba ta tashi ba, mun jira mun gaji.

Abin da nake roƙonka ke nan, ka bar maganar tashin nan. Ban ce har abada ba. In ranar ta zo da gidan ya fi ƙarfinsa, ƙofata a buɗe take, kuma ni zan fara gaya maka. Amma yau in muka ɗauke shi, mun raba shi da sauran idon da ya rage masa, wanda matarsa ta bar masa a kan kanta da jikin ginshiƙi. Na san tsoro ne ya sa ka yanke hukuncin nan, tsoron wanda yake nesa, da in waya ta yi ƙara gabansa yake faɗuwa. Ban ga laifinka ba. Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani. Hotunan 'yan biyu da kake turowa, waɗanda yake riƙe wayar yana cewa ma sha Allah sun girma, ba ya ganinsu. Bai taɓa sanin kamanninsu ba. Ya gaya min fuskar mutum, in ya matso kusa sosai da safe a cikin haske, har yanzu yana iya tattara ta kaɗan-kaɗan. Likita ba ta san har yaushe ba, ni ma ban sani ba.

Baban yara yana gaishe ka, ya ce a gaya maka ya ga aikin injiniyoyi a filin robobi. Babbar 'yata da ƙannenta suna gaida kawunsu da antinsu. Auta tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata tayar maka da hankali da ta yi. Goggo ta zo dubiya, ta yi kuka ta yi faɗa ta sha shayi, tana gaishe ku. Mai waldan layinmu ma ya ce a gaida abokin wasansa na da. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka gaida Maman 'Yan Biyu da kyau da kyau.

Baba ma yana gaishe ka, kuma ya san ina rubuta wannan takardar. Na so in rataya wata jarkar a ginshiƙin ƙarshe, har na yanke ta na huda, ya ce in sauke. Ya ce wurin yana da mai shi. Kullum da safe yakan fito ya taɓa tawa ya kira sunana, ya taɓa ta Auta ya kira sunanta, in ya iso bakin matakala sai ya lalubi ƙusar da babu komai a jikinta ya kira naka, sannan ya sauka. Shekaranjiya ta karce masa yatsa, na yi masa faɗa, ya ce ba komai, ƙusar ta ishe shi alama kafin ka zo. Ya ce in gaya maka kada ka aiko da komai a kwali. In za ka zo ka taho da jarka ɗaya da kuka gama amfani da ita, ko wace iri ce, ka yanke ta da hannunka ka rataya masa. Ya ce ka zo da safe, kuma ka tsaya kusa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka